Tsanin Gasa: Daga Fagen Kokawar Matazu Zuwa Takobi

 

An nemi mu yi magana a kan wasanni, mu kuwa muka ga ya fi kyau mu tsaya a kan tambaya guda. Yaron da ya kayar da kowa a ƙauyensu, ta wace hanya zai bi har ya tsaya gaban wanda ya kayar da kowa a jiha? Wannan tambaya ta fi kama da ta ma'aikacin ofis bisa ga ta makaɗi, shi ya sa muka kawo ta gabanku, gama ku ne za ku riƙe alƙalami a ofisoshin ƙananan hukumomi nan da 'yan shekaru, wasunku ma sun riga sun riƙe.

Kowa a nan ya san yadda abin yake a ƙasar Matazu da Musawa, har kudu zuwa Malumfashi da Funtuwa. Da zarar an yi girbi, an ɗaure dawa dami-dami, an ɓare masara, auduga ta soma shiga kasuwa, sai jikin samari ya saki. Rumbu ya cika, aljihu ya ɗan yi nauyi, bukukuwan aure sun kankama, sai a ji ganga daga wata unguwa. A share fili, 'yan kallo su yi da'ira, yara ƙanana su buɗe fage, sa'an nan na sama da su, manya kuwa sai an jira su. Ɗan kokawa ya ɗaura walkinsa, ya yi kirari, ya zaga fage ya nemi wanda yake so. In an yi kaye a ɗauki sowa, a liƙa masa kuɗi a goshi, a watse. Mako mai zuwa kuma sai wani gari.

A matsayinsa na wasan kaka, wannan tsari ba shi da laifi ko kaɗan, ya kuwa rayu tun kaka da kakanni ba da ko kwabon hukuma ba. Illarsa ɗaya ce: ba ya barin sawu. Abin da mutum ya yi a fagen Matazu yau ba ya ƙara masa kome idan ya je Malumfashi, sai dai suna a bakin makaɗa. Makaɗi kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, ba ya ƙidaya faɗuwar ubangidansa. A wajen dambe duk ƙasar Hausa ta san Shago, kuma babu shakka waƙar Ɗan Anace ta ɗauki sunansa ta kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. To, mutum nawa ne suka yi bajinta a fage, ba su sami Ɗan Anacensu ba, suka tsufa a gindin bishiya suna ba jikoki labarin da ba mai shaida?

Bari mu yi nisa ƙwarai mu ɗauko misali, daga wani wasa wanda da wuya a sami mai yinsa a wannan zaure. Mutanen ƙasashen sanyi, Turawa da Japanawa da sauransu, suna da wasan zamiya a kan ƙanƙara. Mu dai ƙanƙarar da muka sani iri uku ce: wadda ke faɗowa da damina ta yayyaga ganyen masara, da wadda ake rububin saye da azumi, da garin Ƙanƙara maƙwabcin Malumfashi. Su kuwa fili guda suke daskarar da ruwa a cikinsa, ɗan wasa ya sa takalmi mai wuƙar ƙarfe a ƙarƙashi, a saki kiɗa, ya yi ta sulɓi yana juyi, ya yi tsalle ya juya sau uku ko huɗu a sama kafin ya dira a kan ƙafa ɗaya. Ba ya kama kowa, ba mai kama shi. Ko dai shi kaɗai ne a fili, ko kuwa namiji da mace suna yi tare. Tun da babu kaye, babu yadda za a san gwani sai da maki, wannan kuwa ya tilasta musu yin tunani mai zurfi a kan lissafi. Lissafin nasu muke so mu duba, takalmin su riƙe abinsu.

A Amurka, shekaru masu yawa, ƙasar a rabe take yanki tara. Waɗanda suka yi fice a yanki, galibi mutum huɗu na farko, sukan wuce gasar shiyya. Shiyyoyin uku ne, ta gabas da ta tsakiya da ta gaɓar tekun yamma. Daga shiyya sai gasar ƙasa a watan Janairu. Yarinya 'yar ƙaramin gari ta san tun farkon shekara matakai nawa ne tsakaninta da gasar ƙasa, da ranar kowane mataki, da matsayin da tilas ta samu kafin ta hau na gaba. A 'yan shekarun nan sun gyara matakin farko. Maimakon a rataya rabon mutum a kan gasa guda ta yanki, sai hukumar wasan ta amince da jerin gasanni waɗanda ƙungiyoyin garuruwa ke shiryawa cikin 'yan watanni, ɗan wasa ya shiga, a ɗauki makinsa mafi yawa a jera shi da na tsararsa. Ku lura da kyau: ba su kashe gasannin garuruwa ba, ɗinke su suka yi da zare guda.

A saman wannan akwai jerin gasar duniya da ake kira Grand Prix, wanda Ƙungiyar Wasannin Ƙanƙara ta Duniya ta soma a 1995. Zango shida ne a ƙasashe shida, daga Oktoba zuwa Nuwamba, ciki har da Amurka da Kanada da Faransa da Japan. Ba a yarda mutum ya shiga fiye da zango biyu ba. Na ɗaya a kowane zango yana da maki 15, na biyu 13, na uku 11, na huɗu 9, haka har ƙasa. A ƙarshe a tara, mutum shida da suka fi yawan maki su haɗu a karon ƙarshe cikin Disamba. Wannan iyaka ta zango biyu ita ce ta fi burge mu, domin da babu ita, mai kuɗin jirgi ne zai riƙa tara maki da yawan zuwa, ya wuce gwanin da bai iya zuwa ko'ina ba.

Amma fa maki ba ya rubuta kansa, mutum ne ke rubutawa, mutum kuwa tara yake bai cika goma ba. A gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta 2002, a birnin Salt Lake City na Amurka, aka ba 'yan Rasha biyu zinariya a wasan namiji da mace, alhali mafi yawan 'yan kallo suna ganin 'yan Kanada ne suka ci. Daga baya alƙaliyar Faransa ta ce an matsa mata lamba. Abin kunya ya yi yawa, har aka ba 'yan Kanada zinariya ta biyu. Sakamakon haka aka watsar da tsohon tsarin da makinsa mafi girma shi ne 6.0, aka kawo sabo a 2004. Yanzu kowane tsalle da kowane juyi yana da farashinsa a rubuce tun kafin a shiga fili. Akwai masu tantance abin da ɗan wasa ya yi, daban da masu auna kyansa. A manyan gasanni alƙalai tara ne, a jefar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a raba sauran. Da farko sun ɓoye wane alƙali ne ya ba da wane maki, wai don kada a matsa masa, sai suka ga ɓoyon ma wata ƙofar ɓarna ce, suka soke shi a 2016.

To, kada wani ya ce wannan duk sha'anin masu arziki ne, mu komo kusa, mu ƙetara Jibiya mu shiga ƙasar Nijar, inda 'yan'uwanmu suka yi wa kokawa irin wannan tsani shekara hamsin da suka wuce. A 1975, zamanin mulkin Saini Kunce, aka yi gasar kokawar ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Tun daga nan gasar take zagaya manyan biranen jihohi. Yau jihohin takwas ne: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha tana tace 'yan kokawarta tun daga ƙasa, ta fid da goma, watau mutum 80 ke nan a fage. Jiha ta kara da jiha, goma da goma, har kowace ta gamu da sauran bakwai. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma bai tafi gida ba. Yana nan yana yi wa jiharsa kokawa, kuma yana iya kayar da wanda bai taɓa faɗuwa ba ya jawo shi cikin sahunsu. Shi ya sa kowace yamma mutane ke manne da rediyo da talabijin, har a nan gefenmu na iyaka, suna jiran a faɗi mutum nawa suka rage a tsaye. Waɗanda suka rage su ne ke karawa da juna har a sami sarki, a ba shi takobi da doki da rawani da kuɗi masu kauri.

Dubi abin da zagayawar nan ta haifar. Kowane babban birni ya sami fagen kokawa ginanne, aka kuma sa wa fagagen sunayen mazan jiya: na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Dubi kuma abin da rubutu ya haifar. Idan mutumin Doso ya ce Isaka Isaka ya ɗauki takobi sau shida, ba kurin makaɗi ba ne, a rubuce yake. Idan mutumin Yamai ya amsa masa da cewa Abba Ibrahim ya kayar da shi a karon ƙarshe cikin Disamba 2024, a Doso ɗin ma, gaban danginsa, shi ma a rubuce yake. Gardamarsu tana da ƙasan da za ta tsaya a kai. Tamu kuwa wanda ya fi ƙarfin murya ne ke cin ta.

A nan Nijeriya ba a rasa saman tsani ba. Tun 1973 aka soma Bikin Wasanni na Ƙasa a Ikko, daga baya kuma kokawa da dambe da langa suka shiga cikin wasanninsa. Matakan ƙasa ne babu. Inda kuwa babu matakai, duk wanda aka ɗora wa zaɓen 'yan wasa, kome gaskiyarsa, waɗanda ya sani zai ɗauka, waɗanda ya sani kuwa su ne na kusa da birni. Yaron ƙauyen Matazu ba a ƙi shi ba, ba a san da shi ba ne. Shekarun ƙarfin ɗan kokawa kuwa ba su da yawa. In sun wuce yana ci-rani a Kudu yana dako, sun wuce ke nan.

Wane tsari ne ya dace da mu, na ƙanƙara ko na takobi? Mu a ganinmu kowanne yana da wurinsa. Dokar faɗuwa ɗaya ta dace da biki na kwana goma inda gwamnati ta tara kowa wuri guda, ta ciyar da su, ta ba su masauki. Ba ta dace da kokawar da ke warwatse cikin garuruwa tsawon rani ba, gama ba daidai ba ne santsi guda a watan Nuwamba ya kashe wa mutum shekara. A matakin ƙasa maki muke bukata, a karon ƙarshe kuwa a bi dokar Nijar.

Shiyyar Funtuwa tana da ƙananan hukumomi 11, kuma siyasa ta riga ta yi mana rabon da za mu ara, watau mazaɓun Majalisar Wakilai guda biyar: Musawa da Matazu, Malumfashi da Kafur, Bakori da Danja, Funtuwa da Dandume, sai Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Ga zango biyar ke nan. Kowane ɗan kokawa ya shiga biyu, na gida da ɗaya na waje, kada ya wuce haka, don kuɗin mota kada ya zama shi ne alƙali. A ɗauki lissafin 15 da 13 da 11 da 9 yadda yake, ba sai mun ƙirƙiro wani ba. Alal misali, wani ya zo na ɗaya a gida, ya je Malumfashi ya zo na huɗu, yana da 24. Wani kuma ya zo na biyu sau biyu, yana da 26. Mun san abin da 'yan kallo za su ce: yaya wanda bai taɓa cin fage ba zai hau kan wanda ya ci? Amsar ita ce makin ba ya naɗa sarki, ƙofa kawai yake buɗewa. Mutum goma na sama su haɗu a Funtuwa, a ajiye alƙalami, ƙasa ta yi hukunci. In shiyyar Katsina da ta Daura suka yi haka, jiha ta sami mutum 30 waɗanda ba wanda zai tambayi ɗan wane ne.

Akwai batun nauyi. A neman takobin Nijar ba a raba mutane bisa nauyi, ƙato da siriri fage ɗaya, abin kuwa yana da daɗin kallo ranar da siriri ya yi sa'a. Ga manya muna iya barin haka. Ga yara 'yan makaranta tilas a auna, kada a karya ɗan mutane a banza. Sikelin da ke auna auduga ba zai ƙi auna ɗan kokawa ba.

Game da alƙalanci, kada mu ruɗi kanmu da cewa kaye a fili yake kowa na gani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fage ya san rigimar gwiwa, ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba, da rigimar waɗanda suka zube tare, da ta mai gudun kamu wanda zai yi ta ja da baya har rana ta faɗi. Sau nawa wasa ya tashi da sanduna saboda irin wannan? A rubuta abin da ake kira kaye a takarda guda, da Hausa, a karanta wa jama'a kafin a buga ganga. A sa wa karawa lokaci. Alƙalai su zama uku, kada ko ɗaya ya fito daga ƙaramar hukumar masu karawa, kuma a rubuta sunan kowane alƙali kusa da hukuncinsa. Masu ƙanƙara sun sha kunya a gaban duniya kafin su koyi wannan, mu ga shi mun samu a araha.

Ba za mu yi kamar ba mu san halin da ƙasarmu ke ciki ba. Mun ga ɗaliban makarantar sakandaren Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace cikin Disamba 2020. Mun ga 2021, sa'ad da aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Malumfashi da Kafur da Faskari, aka kuma katse wayar salula a wasu ƙananan hukumomi. Ƙauyuka da yawa sun daina wasan dare, ba don malamai sun hana ba, sai don tsoro. Wannan yana nufin kokawar farin wata a bayan gari ba ita za mu gina tsani a kanta ba. A yi ta cikin gari, a filin makaranta, da iznin hakimi da sanin jami'an tsaro, a soma bayan azahar, a tsaya a yi la'asar, a watse kafin magariba don baƙi su isa gida da ido. Zangon da hanyarsa ba ta biyuwa a wannan shekara a ɗauke shi zuwa gari mafi kusa, amma makin ya zauna da sunan mutanensa, kada a hukunta su sau biyu. A kuma duba kalanda tun da wuri, gama azumi yana zagayawa, a 'yan shekarun nan kuwa cikin rani yake faɗowa.

Kuɗi fa? Ba doki muke nema ba. Kuɗin motar 'yan wasa da alƙalai, da ma'aikacin asibiti ɗaya da maɗori a gefen fage, da kyautar da manomi zai yi murna da ita, buhun taki ko injin ban ruwa. Attajiran hatsi da na auduga na Funtuwa da Dandume sun fi ƙarfin wannan. Abin da ba su da shi shi ne wanda zai zauna ya riƙe littafi, a nan kuwa kuka shigo. A shekarar nan ta 1975 da aka ɗaga takobin farko a Tawa, a ita ce aka soma Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, malaman gona suka bi ƙauyuka da littattafansu suna rubuta sunan manomi da girman gonarsa da takin da ya karɓa. Ashe mun iya riƙe littafi idan maganar taki ce.

Littafin kokawa bai kai wancan wuya ba. Suna da laƙabi, da gari, da nauyi in yaro ne, da wanda aka kara da shi, da wanda ya yi kaye, da sunayen alƙalai. A yi shi kwafi biyu. Kafin a watse mai shela ya karanta sakamako da babbar murya, wakilin kowane gari ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, kwafi ɗaya ya zauna wurin hakimi, ɗaya ya bi mota zuwa zango na gaba. Ƙungiyar ɗalibai ta kowace ƙaramar hukuma ta ba da mutum biyu don wannan aiki lokacin hutu. In ma zango biyar sun yi yawa a shekarar farko, a gwada da biyu, Matazu da Malumfashi, a kuma sa ranakun tun gero yana tsaye a gona, don 'yan kokawa su san lokacin da za su soma shiri.

 Shugaba, ga fili nan ga masu tambaya.